Jarrabawar Zama Ɗan Ƙasar Birtaniya: Me Ke Jiranka Ranar da Ka Zauna Gaban Kwamfuta?

Duk wanda ke zama a majalisun hira na makarantar nan ya san maganar "japa" ba ta ƙarewa. Wani na lissafin tafiya karatu bayan HND, wata yayanta na can yana aikin jinya, wani kuma auren 'yar uwarsa ne ya kai ta Manchester. Hirar kan tsaya ne a kan biza da kuɗin jirgi. Amma akwai wata ƙofa da ke can gaba, wadda duk mai son zama na dindindin a Birtaniya sai ya bi ta cikinta, wato jarrabawar da suke kira Life in the UK. Darasinmu na wannan fitowa a kanta yake: mece ce, me ake tambaya, yaya ranar take, kuma ina mutane ke yin tuntuɓe.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga farko. Wannan jarrabawa ba ta auna shekarun da ka yi a ƙasar, ba ta kuma auna yadda bakinka ya karye da Turanci. Littafi guda take aunawa. Wanda ya shekara goma a Landan bai buɗe littafin ba zai iya faɗuwa, wanda ya zauna ya karance shi tsaf cikin wata ɗaya kuwa ya haye.

Asalinta da waɗanda ta hau kansu

An fara wannan jarrabawa ne a ranar 1 ga Nuwamba 2005 ga masu neman zama 'yan ƙasa. A watan Afrilun 2007 aka faɗaɗa ta zuwa masu neman izinin zama na dindindin. Ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya ce ke da alhakinta. Tana kan duk wanda shekarunsa suka kai 18 amma ba su kai 65 ba. Yaro ƙasa da 18 da dattijon da ya kai 65 an ɗauke musu, haka ma mai wata larura ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa mai daɗewa, idan likita ya cike masa takardar shaida. Sau ɗaya ake cin ta a rayuwa. Idan ka ci ta lokacin neman izinin dindindin, ba sai ka sake ba ranar da za ka nemi zama ɗan ƙasa.

Ka lura fa, a cikin Birtaniya ake rubuta ta. Ba a yin ta a Kano ko Abuja, kuma ba ta ba kowa biza. Don haka idan wani ya ce ka kawo kuɗi ya yi maka rajistarta daga nan don ta buɗe maka hanyar fita, to ka riƙe aljihunka da kyau.

Yadda jarrabawar take

Duk wanda ya rubuta JAMB a kwamfuta ya riga ya san fasalin abin. Tambayoyi 24 ne, minti 45, kuma ana so ka ci kashi 75 cikin ɗari, wato 18. Ma'ana kana da damar kuskure shida. Na bakwai ne ke kayar da mutum. Idan ka raba lokacin, kowace tambaya na da kusan minti biyu, saboda haka ƙarancin lokaci ba shi ne matsalar ba. Gaggawa ce matsalar.

Tambayoyin kan zo ta fuska huɗu. Akwai wadda za a ba ka amsoshi huɗu ka zaɓi ɗaya. Akwai wadda za a kawo magana a ce gaskiya ce ko ƙarya. Akwai wadda za a jera maganganu biyu ka nuna wacce ce daidai. Sai kuma wadda ake so ka zaɓi amsa biyu cikin huɗu, kuma nan ne mai sauri ke zubar da maki, don ya danna ɗaya ya wuce bai karanta umarnin ba. Kwamfuta ce ke zaɓo wa kowa nasa tambayoyin, ka ga ke nan leƙen allon na kusa da kai ba zai tsinana maka komai ba.

Littafin da ake ɗauko tambayoyin

Sunansa Life in the United Kingdom: A Guide for New Residents, bugu na uku, wanda aka fara aiki da shi a 2013. Babi biyar gare shi.

Babi na ɗaya gajere ne, yana magana kan ƙa'idojin da ƙasar ta ce ta ginu a kai: dimokuraɗiyya, bin doka, 'yancin ɗan Adam, haƙuri da masu addini ko ra'ayi dabam, da shiga harkokin al'umma.

Babi na biyu ya fi kowanne gajarta, amma yana da tarko. Mu nan komai "Ingila" muke ce masa. A jarrabawa kuwa Ingila ɓangare ɗaya ce cikin huɗu: Ingila mai babban birni Landan, Scotland mai Edinburgh, Wales mai Cardiff, da Ireland ta Arewa mai Belfast. Idan aka ce Great Britain, ukun farko kaɗai ake nufi, ban da Ireland ta Arewa. Tsibirin Man da tsibiran Channel kuma suna ƙarƙashin masarauta, amma ba sa cikin haɗaɗɗiyar daular.

Babi na uku shi ne giwar, wato tarihi, tun daga zamanin dutse har zuwa 'yan shekarun nan. A nan za ka haɗu da yaƙin Hastings na 1066, lokacin da William na Normandy ya ci Ingila. Za ka haɗu da takardar Magna Carta ta 1215, wadda manyan ƙasa suka tilasta wa Sarki John amincewa da ita, ta nuna cewa sarki ma yana ƙarƙashin doka. Akwai annobar 1348, da Sarki Henry na takwas da matansa shida, da jiragen yaƙin Sifaniya da aka fatattaka a 1588, da yaƙin basasar da ya ɓarke a 1642 har aka kashe Sarki Charles na ɗaya a 1649, da gobarar Landan ta 1666, da haɗewar Ingila da Scotland a 1707. A ƙarni na ashirin akwai ba mata 'yan shekara 30 zuwa sama damar zaɓe a 1918, da daidaita su da maza a shekara 21 a 1928, da kafa hukumar lafiya ta NHS a 1948, da yarjejeniyar zaman lafiya ta Ireland ta Arewa a 1998.

Babi na huɗu na rayuwar yau da kullum ne: addinai, bukukuwa, wasanni, kiɗa, adabi da wuraren tarihi. Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah duk suna ciki, tare da Kirsimeti da Ista da Diwali da Hanukkah, ka ga akwai makin da ka riga ka tanada tun daga gida. Sai ranakun waliyyan ƙasashen huɗu, waɗanda ya kamata ka haddace: David na Wales 1 ga Maris, Patrick na Ireland ta Arewa 17 ga Maris, George na Ingila 23 ga Afrilu, Andrew na Scotland 30 ga Nuwamba.

Babi na biyar kan gwamnati da doka da haƙƙin ɗan ƙasa yake. Wanda ya mai da hankali a darasin Citizenship Education da muke yi a GNS zai ji kamar ya taɓa bin hanyar, sai dai tsarin nasu ya bambanta da namu. Ba su da kundin tsarin mulki guda a rubuce irin namu na 1999. Sarki ne shugaban ƙasa, firaminista ke jan gwamnati. Majalisa biyu ce, ta wakilan da ake zaɓa da ta manyan da ba a zaɓensu. Ana yin babban zaɓe aƙalla duk shekara biyar. Ƙananan bambance-bambance ma ana tambayarsu. Misali, mutanen gari da ke zama a kotu su yanke ko wanda ake tuhuma ya aikata laifi su 12 ne a Ingila da Wales da Ireland ta Arewa, amma 15 ne a Scotland.

Yadda za ka sa shekarun su zauna a kai

Hadda ta tsiya ba ta daɗewa, duk mun san haka. Dabarar da ta fi ita ce ka ɗaura kowace shekara a jikin wata da ka riga ka sani a tarihinmu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara jihadi a 1804. Shekara ɗaya bayan nan, 1805, aka yi yaƙin Trafalgar inda Nelson ya mutu, sannan a 1807 majalisarsu ta haramta cinikin bayi a jiragen Birtaniya. Sarauniya Victoria ta hau mulki a 1837, shekarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu. Ta mutu a 1901, shekara biyu kafin sojojin Lugga su ci Kano da Sakkwato a 1903. Shekarar 1914 da aka haɗe Arewa da Kudu ita ce shekarar da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya fara. Ka ja layi a takarda, ka jera namu a dama, nasu a hagu, ka manna a bango. Cikin mako guda za ka ga sun zauna.

Sai dai ka san wani abu. Littafin na gwamnatin Birtaniya ne, labarin kuma yadda ita ta ga dama ta ba da shi. A 2020 masana tarihi sama da ɗari sun rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa suna sukar yadda ya kawo batun bauta da mulkin mallaka. Tun a 2013 ma Farfesa Thom Brooks na Jami'ar Durham ya fitar da rahoto yana cewa jarrabawar ta fi kama da kacici-kacicin hira da abin da zai amfani baƙo. Kai da kakanninka suka ga zuwan Turawa kana iya samun ra'ayi dabam da na littafin, kuma babu laifi. Amma a ɗakin jarrabawa abin da littafin ya ce shi kwamfuta ta sani. Muhawarar ka bar ta sai ka fito.

Ka kuma kula da kwafin da ke hannunka. Tun bayan 2013 abubuwa sun sauya. Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai a 31 ga Janairu 2020, Sarauniya Elizabeth ta rasu a 8 ga Satumba 2022, ɗanta Charles na uku ya gaje ta. Tsohon kwafin da wani ya turo maka ta WhatsApp zai iya ɗauke da tsohon zance. Ka nemi na baya-bayan nan daga masu buga shi a hukumance. Manhajojin gwaji na waya suna da amfani wajen auna kanka, amma ba su maye gurbin littafin. Wanda ya haddace amsoshin manhaja kaɗai, da an juya masa tambayar ta wata fuska sai ya rikice.

Rajista

A shafin gwamnati na gov.uk kaɗai ake yin rajista, aƙalla kwana uku kafin ranar da kake so. Kuɗin fam 50 ne. Za ka buƙaci adireshin imel, katin banki, da takardar shaida da suka amince da ita, kamar fasfo. Akwai cibiyoyi sama da 30 a faɗin ƙasar. Wasu shafuka na kwaikwayon na gwamnati su caje ka fiye da haka, don haka ka duba adireshin kafin ka saka lambar katinka.

Ga inda mu Hausawa ya kamata mu buɗe ido sosai: suna. Dole sunan da ka rubuta wajen rajista ya yi daidai da na jikin takardar shaidarka, harafi da harafi, har da suna na tsakiya. Muhammad da Mohammed da Muhammadu a wajenmu mutum ɗaya ne, a wajen ma'aikacin cibiya kuwa mutum uku ne. Haka Aisha da Aishatu, haka Abdullahi da Abdullah. Duk wanda ya taɓa wahalar gyaran suna tsakanin NIN da BVN da takardar WAEC ya san zancen. Idan sunan ya saɓa za a iya hana ka shiga, kuɗinka kuma ya tafi. Ka ajiye fasfon a gabanka kana kwafa.

Idan wani uzuri ya taso, ka soke aƙalla kwana uku kafin ranar, sai a mayar maka da kuɗinka. Ƙasa da haka babu.

Ranar jarrabawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun jiya ka san jirgin ƙasa ko bas ɗin da zai kai ka, ka kuma fita da wuri. Lattin da muke yi wa lakca mu lallaɓa mu zauna a baya ba ya aiki a can. Ka tafi da ainihin takardar shaidar da ka yi rajista da ita, ba hotonta a waya ba, ba kuma wata dabam ba. Za a tantance ka, a ɗauki hotonka. Ba a shiga da waya, ko littafi, ko takarda. Ba a zuwa da yara ko 'yan rakiya, don haka 'yar uwa mai goyo sai ki shirya wanda zai riƙe miki tun da wuri.

Idan ka zauna, ka yi bisimilla, ka karanta kowace tambaya sau biyu. Ka duba ko amsa ɗaya ake so ko biyu. Ka kula da 'yan ƙananan kalmomin da ke juya ma'ana, irin "not" da "except". Wadda ta shige maka duhu ka wuce ta, ka dawo daga baya. Kada ka bar ko ɗaya babu amsa. Idan ka gama da sauran lokaci, ka sake bi daga farko. Babu lada a riga kowa fita.

Sakamako ba ya jan lokaci. Wanda ya ci zai sami lamba ta musamman, ita zai saka a takardar neman izinin dindindin ko ta zama ɗan ƙasa, sai a adana ta da kyau. Wanda ya faɗi zai sake yin rajista, ya sake biyan fam 50, ya sake zama. Ba a ƙayyade sau nawa ba. Amma wanda bizarsa ta kusa ƙarewa ba shi da wannan sararin, shi ya sa masu hankali ke cin ta tun da sauran watanni.

Satar amsa

Dole mu taɓa wannan, don mun san halinmu. A 2019 wani binciken BBC ya bankaɗo masu karɓar kuɗi suna saka wa mutane ƙaramar na'ura a kunne, ana karanto musu amsa daga waje. A nan wanda aka kama da satar amsa zai fuskanci kwamiti, wataƙila a kore shi. A can abin ya wuce haka. Cikin sharuɗɗan zama ɗan ƙasa akwai kyawun hali, kuma yaudara na rushe shi. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1981 ta ba gwamnati ikon ƙwace shaidar daga wanda ya same ta ta hanyar zamba, ko da an daɗe. Shekaru biyar na aiki da biyan haraji a kan tambayoyi 24 da za ka iya ci da karatun wata ɗaya? Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Jarrabawar ba ita kaɗai ba ce

Cin ta sharaɗi ɗaya ne cikin da yawa. Akwai shaidar iya Turanci. Abin mamaki, duk da Turanci ne harshen gwamnati a Najeriya, ba ma cikin jerin ƙasashen da aka ɗauke wa wannan sharaɗi. Ko dai ka rubuta jarrabawar Turanci da suka amince da ita, ko ka kawo digirin da aka koyar da Turanci wanda aka tabbatar ya yi daidai da digirin farko na can ko sama. Diflomar ND ba ta kai wannan matsayi ba, gara mu sani tun yanzu.

Akwai kuma lissafin zama. A ƙa'idar da aka daɗe ana bi, mai neman zama ɗan ƙasa sai ya shekara biyar a ƙasar, ya riƙe izinin dindindin na wata 12, bai yi fiye da kwana 450 a waje ba cikin shekaru biyar ɗin, bai kuma wuce kwana 90 ba a shekarar ƙarshe. Ga mai auren ɗan ƙasa shekara uku ce. Mai yawan dawowa gida Sallah da biki da Umara sai ya riƙa rubuta kwanakinsa. Kuɗin neman ya haura fam 1,500, kuma idan aka ƙi, mafi yawansa ba ya dawowa. Dokokin shige da fice suna yawan sauyawa, saboda haka kafin ka biya ko kwabo ka koma shafin gwamnati ka karanta na ranar. Wanda aka amince masa zai halarci bikin rantsuwa, ya yi mubaya'a ga sarki da alkawarin bin dokokin ƙasa, sannan a miƙa masa satifiket.

Sauran ƙasashe, da namu gida

Kowace ƙasa da salonta. A Kanada tambayoyi 20 ne, ana neman 15. A Jamus 33 ne, ana neman 17. A Amurka kuwa da baki ake yi, jami'i na gabanka yana tambaya kana amsawa.

Najeriya ba ta da irin wannan jarrabawa ta kwamfuta. Sashe na 27 na kundin 1999 ya ce baƙon da ke neman zama ɗan Najeriya sai ya yi zaman shekara 15, ya kasance mai kyawun hali, gwamnan jihar da yake zaune ya gamsu cewa jama'ar wurin sun karɓe shi kuma ya saje da rayuwarsu, sannan shugaban ƙasa ya ba shi takarda. Mai tsoron rasa fasfonsa na gida kuma ya kwantar da hankali: bisa sashe na 28, wanda yake ɗan Najeriya ta haihuwa ba ya rasa matsayinsa don ya karɓi na wata ƙasa, Birtaniya ma ta yarda da riƙe biyu.

Ga aikin gida ga kowa, mai niyyar tafiya da wanda ba shi da ita. Ka rufe littafi ka amsa: sanatoci nawa ne a majalisar dattawa, 'yan majalisar wakilai nawa ne, ƙananan hukumomi nawa ne a ƙasar nan, kuma wane babi ne na kundin tsarin mulki ya ƙunshi haƙƙoƙin ɗan Adam? Amsoshin su ne 109, 360, 774, da babi na huɗu. Idan ka kawo huɗun, madalla. Idan ba haka ba, littafin GNS ɗinka na nan yana jiranka, kuma jarrabawar ƙarshen zango ta fi ta Landan kusa.

Allah Ya ba mu sa'a a dukkan jarrabawoyinmu, Ya sa mu gama lafiya. Amin.